Rage Ci Da Gigin Tsufa: Abin Da Aka Gano A Jikin Ɓeraye Da Birai

A shekarar 1935 ne wani malamin Jami'ar Cornell ta ƙasar Amurka mai suna Clive McCay, tare da abokan aikinsa biyu, suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi da ɓeraye, wanda har yau masana ba su gama muhawara a kansa ba. Sun kasa ɓerayen kashi-kashi. Wasu aka sakar musu abinci su ci iyakar cinsu, wasu kuwa aka riƙa auna musu, ana ba su ƙasa da abin da suka saba ci, amma ba a tauye musu bitamin da furotin da sauran abubuwan gina jiki ba. Waɗanda aka auna wa abincin ba su kai girman 'yan'uwansu ba, amma sun fi su daɗewa a duniya, musamman mazan.

Tun daga wannan lokaci aka yi ta maimaita gwajin da tsutsotsi da ƙudaje da kifaye da ɓeraye, sau da yawa kuwa ana samun irin wannan sakamako. Sai dai daga baya hankalin masana ya karkata ga wata tambaya wadda ta fi damun mutane, watau ko dabbar da ta daɗe a duniya saboda rage ci takan tsufa da hankalinta, ko kuwa jiki ne kawai ke daɗewa ƙwaƙwalwa ta riga shi lalacewa.

Wannan tambaya ba ta ɓeraye ba ce kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutane miliyan 57 ne ke fama da ciwon gigin tsufa a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 kuwa suna zaune ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki. Mai karatu ya san irin tsohuwar da za ta ci tuwo ta wanke hannu, sa'an nan ta ce tun safe ba a ba ta kome ba, ko dattijon da zai fita masallacin unguwarsu ya kasa gane hanyar gida. Akan ce tsufa ne kawai, wani lokaci ma a zargi tsohuwar da abin da ba ta ji ba ba ta gani ba. Likitoci kuwa sun tabbatar ciwo ne, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu fama da shi suna da irin wanda ake kira cutar Alzheimer.

Sunan ya samo asali ne daga wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, wanda a shekarar 1906 ya binciki ƙwaƙwalwar wata mata da ya yi jinya a birnin Frankfurt bayan rasuwarta. Ya tarar da wasu dunƙule-dunƙule sun taru a tsakanin ƙwayoyin jijiyoyin ƙwaƙwalwa, a cikin ƙwayoyin kansu kuma akwai wasu zare-zare da suka cukurkuɗe. Daga baya aka gano cewa dunƙulen na wani furotin ne da ake kira amiloyid, zaren kuwa na wani ne da ake kira tau. Waɗannan biyu su ne masu bincike ke ƙirgawa a ƙwaƙwalwar dabba in suna son sanin ko wani abinci ko magani ya yi aiki.

YADDA AKE AUNA TUNIN ƁERA

Ba a iya tambayar ɓera ko ya tuna abin da ya faru jiya, don haka sai da aka yi dabara. Wadda ta fi shahara ita ce ta Richard Morris na Jami'ar St Andrews ta ƙasar Sikotlan, wanda ya bayyana ta a shekarar 1981. Akan sami wani babban baho mai kewaye a cika shi da ruwa, a dama garin madara a ciki yadda ba a ganin ƙasa. A wani gefe akan ajiye ɗan dandamali wanda ruwa ya rufe kansa kaɗan. In an saka ɓera cikin ruwan, da yake ya iya iyo amma ba ya ƙaunar ruwa, sai ya yi ta kewaye har ya ci karo da dandamalin ya hau. Kashegari a sake saka shi ta wani gefe dabam. Lafiyayyen ɓera matashi, cikin 'yan kwanaki, zai riƙa duban alamun da ke jikin bangon ɗakin, kamar taga ko hoto, ya miƙe sosai zuwa wurin. A ƙarshe sai a cire dandamalin gaba ɗaya a ga ko zai yi ta shawagi a inda ya san yake. Tsohon ɓera yakan daɗe bai koya ba, in ya koya ma yakan mance da wuri.

A shekarar 1982 Morris da abokan aikinsa suka nuna cewa in an lalata wani sashe na ƙwaƙwalwa mai suna hipokamfas, ɓera ba ya iya gane wurin dandamalin. Wannan sashe kuwa yana cikin waɗanda cutar Alzheimer ke fara ci a jikin ɗan Adam, shi ya sa bahon madarar nan ya zama abin aiki a kusan kowane ɗakin bincike da ke nazarin tsufa.

Tun a shekarar 1987 Donald Ingram na Cibiyar Nazarin Tsufa ta gwamnatin Amurka da ke Baltimore da abokansa suka ba da rahoto cewa tsofaffin ɓerayen da aka rage wa abinci tun suna ƙanana sun fi tsararsu saurin koyon wata karkatacciyar hanya mai kwana-kwana da aka gina musu, sun kuma fi su ƙarfin gaɓɓai. Amma wannan tsufa ne na yau da kullum. Ɓera ba ya kamuwa da cutar Alzheimer da kansa. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka sami hanyar dasa masa ƙwayoyin gado na wasu zuri'o'in mutane da ke gadon cutar, yadda ƙwaƙwalwarsa za ta riƙa tara amiloyid. A shekarar 1996 Karen Hsiao ta Jami'ar Minnesota ta fito da irin wannan ɓera, a 2003 kuma Frank LaFerla na Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ya fito da wani mai ƙwayoyin gado uku, wanda ke tara amiloyid da tau duka biyu.

Da aka rage wa irin waɗannan ɓeraye abinci sai aka ga abin mamaki. A wani gwaji da aka buga a 2005, wanda masana na Jami'ar Kudancin Kalifoniya suka shugabanta, an rage musu kashi 40 cikin 100 na abinci na 'yan makonni kawai, dunƙulen amiloyid ya ragu da kashi 40 a wani iri, da kashi 55 a wani. A shekarar 2007 kuma ƙungiyar Mark Mattson ta Baltimore ta kasa ɓerayen LaFerla uku tun suna 'yan wata uku. Kashi na farko suka ci yadda suke so, na biyu aka rage musu kashi 40 kullum, na uku kuwa aka riƙa ba su yau a hana su gobe. Da suka kai wata 17, watau sun manyanta, kashi na biyu da na uku duk sun fi na farko ƙoƙari a bahon ruwa. Amma da aka duba ƙwaƙwalwarsu, kashi na biyu ne kaɗai amiloyid da tau suka ragu a hipokamfas ɗinsu. Masu ci yau a hana gobe dattin yana nan daram kamar na waɗanda suka ci suka ƙoshi, duk da haka tuninsu bai lalace kamar nasu ba.

Wannan sakamako ya fi na farko muhimmanci, domin ya nuna cewa ba share dattin ne kaɗai hanya ba, ana iya ƙarfafa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su jure masa. Mattson da mutanensa sun riga sun nuna a 2002 cewa rage ci yana ƙara wani sinadari da ake kira BDNF, wanda aikinsa ga jijiyoyi kamar na taki ne ga shuka, yana kuma sa sababbin ƙwayoyin da ake haifa a hipokamfas su rayu. Har wa yau, in ciki ya daɗe ba kome, hanta takan juya kitse ya zama wani makamashi mai suna kiton, wanda ƙwaƙwalwa ke amfani da shi a madadin sukari. Ƙwayoyin jiki kuma sukan shiga cinye tarkacen da ya taru a cikinsu, aikin da bayaninsa ya jawo wa Yoshinori Ohsumi na Japan kyautar Nobel a 2016. Sukarin jini yakan sauka, kumburin cikin jiki yakan lafa.

BIRAN WISCONSIN DA NA MARYLAND

Ɓera shekara biyu ko uku yake yi. Don a matso kusa da ɗan Adam sai aka koma kan birai, waɗanda kan yi kamar shekara 26 a hannun masu kiwo. Cibiyar Nazarin Tsufa ta fara nata gwajin a jihar Maryland a 1987, Jami'ar Wisconsin kuma ta fara nata a 1989, kowanne ya rage wa rabin biransa kashi 30 cikin 100 na abinci. Aiki ne na haƙuri, domin sai da aka shekara ashirin kafin a fara jin labari.

A 2009 mutanen Wisconsin suka ba da rahoto. Cikin birai 38 da aka sakar wa abinci, 14 sun mutu da cututtukan tsufa, cikin 38 da aka rage wa kuwa 5 ne kawai. Ciwon sukari da kansa da ciwon zuciya sun yi ƙaranci a cikin masu cin kaɗan, hoton ƙwaƙwalwa kuma ya nuna wasu sassa, musamman masu kula da motsi da tsara al'amura, ba su motse kamar na sauran ba. Jaridun duniya suka yi ta yaɗa hoton birai biyu tsara, ɗaya ya zube gashi ya kakkaɓe, ɗaya kuwa sumul.

Shekara uku bayan haka, a 2012, sai mutanen Maryland suka ce su ba su ga wani bambanci a tsawon rai ba. Wannan ya ɗaure wa jama'a kai, har sai da ɓangarorin biyu suka haɗa takardunsu suka fito da bayani guda a 2017. Ashe abincin da ake ba biran Wisconsin fiye da kashi 28 cikin 100 nasa sukari ne, na Maryland kuwa bai kai kashi 4 ba. Daɗin daɗawa, a Wisconsin biran da ake gwada sauran da su sakar musu abinci aka yi, a Maryland kuwa su ma auna musu ake yi don kada su yi ƙiba. Watau a Wisconsin an gwada mai tsantseni da mai haɗama ne a kan abinci mai zaƙi, a Maryland kuwa an gwada mai tsantseni da wanda ya fi shi tsantseni. An kuma gane cewa rage wa biri abinci tun yana yaro bai amfane shi ba kamar yadda ya amfani wanda ya girma.

Daga Faransa ma an sami wani labari mai sanyaya gwiwa. A garin Brunoy da ke kusa da Faris akwai masana da ke kiwon wata 'yar ƙaramar dabba dangin biri, 'yar asalin tsibirin Madagaska, da ake kira lemur, wadda ba ta fi cikin tafin hannu ba. A 2018 suka ba da rahoto cewa waɗanda aka rage wa kashi 30 sun yi kimanin shekara tara da rabi, sauran kuwa shida da 'yan watanni. Amma hoton ƙwaƙwalwa ya nuna wani sashe nata ya fi saurin motsewa a cikin masu cin kaɗan ɗin, ko da yake a gwajin tuni ba su fi sauran ba, ba su kuma kasa su ba.

BA KOWANE ƁERA BA

Yawancin gwaje-gwajen farko da iri ɗaya ko biyu na ɓeraye aka yi su, waɗanda aka yi ta haɗa su da danginsu har suka zama tamkar tagwaye. A 2010 wasu masana na jihohin Texas da Colorado suka gwada rage ci a kan iri 41 dabam-dabam, sai ga shi irin da rage cin ya gajarce wa kwana sun fi waɗanda ya tsawaita wa yawa. A 2024 kuma Cibiyar Jackson ta jihar Maine, ƙarƙashin Gary Churchill, ta buga sakamakon gwaji da ɓeraye mata 960 masu gado iri-iri. Waɗanda suka ci yadda suke so sun yi kimanin wata 25, waɗanda aka hana wa abinci kwana ɗaya ko biyu a mako wata 28, waɗanda aka rage wa kashi 20 wata 30, waɗanda aka rage wa kashi 40 kuwa wata 34. Amma a cikin kowane rukuni, waɗanda suka fi ramewa su ne suka fi saurin mutuwa, waɗanda suka riƙe jikinsu duk da ƙarancin abinci su ne suka daɗe. Gado kuma ya fi abinci tasiri a kan kwanan kowane ɓera.

Akwai kuma abin da Mattson kansa ya jawo hankali a kai a 2010. Ɓeran ɗakin bincike yana zaune ne cikin ɗan akwati, ba gudu ba tsalle, ba kyanwa ba shaho, abinci kuwa na rataye bisa kansa dare da rana. Irin wannan dabba mai ƙiba ce, tana dab da ciwon sukari. In an rage mata abinci ta sami sauƙi, mai yiwuwa ne an raba ta ne kawai da cutar da ƙoshi ya sa mata. Ma'aikacin da ke wuni a kujera, ya hau mota zuwa gida, ya tarar da tuwo da miyar da mai ya kwanta a kanta, ya bi da lemon kwalba, ya fi kama da wannan ɓera. Manomin da ke wuni da fartanya bisa kokon kunu ba ya cikin wannan lissafi ko kaɗan.

Binciken baya-bayan nan ya nuna cewa lokacin cin ma yana da nasa tasiri. A 2022 ƙungiyar Joseph Takahashi ta birnin Dallas ta nuna cewa rage kashi 30 kawai ya ƙara wa ɓeraye kwana da kashi 10 cikin 100, amma da aka ba su wannan ragaggen abinci da dare kaɗai, lokacin da ɓera ke kai-kawo, ƙarin ya kai kashi 35. A 2023 Paula Desplats ta Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego ta bar ɓeraye masu alamun Alzheimer su ci cikin awa 6 kawai kowace rana, ba tare da rage yawan abincin ba. Barcinsu ya daidaita, amiloyid ya ragu, tuninsu ya inganta. Mai karatu zai so ya kwatanta wannan da azumi, amma a yi hattara. Ɓerayen nan ba a hana su ruwa ba, kuma awa 18 ga dabbar da ba ta fi nauyin ƙwan kaza ba, wadda jikinta ke ƙone abinci da sauri ƙwarai, ba daidai take da awa 18 ga mutum ba.

SAURAN MUTANE FA?

A nan ne hujja ke yin ƙaranci. Ƙwayoyin gadon da ake dasa wa ɓeraye na wani nau'in cutar ne da ba ya kama ko mutum ɗaya cikin ɗari na masu Alzheimer, kuma magungunan da suka warkar da ɓeraye suka kasa a jikin mutane ba su da iyaka. Wani lissafi da aka buga a 2014 ya nuna cewa cikin magunguna 244 da aka gwada a kan masu cutar tsakanin 2002 da 2012, ɗaya tak aka amince da shi.

An dai ɗan gwada rage ci a kan mutane. A 2009 masana na Jami'ar Münster ta Jamus suka yi gwaji da dattijai 50 masu lafiya na wata uku, rukunin da aka nemi su rage kashi 30 suka ƙara ƙoƙari da kimanin kashi 20 wajen tuna kalmomi. Amma mutanen kaɗan ne, lokacin gajere ne, kuma ba masu gigin tsufa ba ne. A wani babban gwaji na shekara biyu a Amurka an nemi mutane su rage kashi 25, suka iya rage kimanin kashi 12 kawai. Mutum ba ɓera ba ne da za a kulle a akwati a auna masa.

Wani bincike da ya shafi ƙasar nan ya cancanci ambato. Daga 1992 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, cikinsu har da marigayi Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi, suka haɗa kai da Hugh Hendrie na Jami'ar Indiana, suka bi diddigin tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama, Yarabawa a Ibadan da baƙaƙen fata a birnin Indianapolis. Rahoton 2001 ya nuna cewa kowace shekara kashi 1.35 cikin 100 na tsofaffin Ibadan ke kamuwa da gigin tsufa, na Indianapolis kuwa kashi 3.24. Masu binciken sun lura cewa hauhawar jini da ciwon sukari da kitsen jini sun fi ƙaranci a Ibadan, sun kuma ambaci bambancin abinci cikin abubuwan da ake zato, amma ba su ce shi ne dalili ba.

Abin da duk gwaje-gwajen nan suka yi tarayya a kai, tun daga na McCay, shi ne dabbobin da aka rage wa abinci ba a bar su da tamowa ba. Yunwa ta gaske ɓarna take yi wa ƙwaƙwalwa. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, cikin hunturun 1944 zuwa 1945, an yi matsananciyar yunwa a yammacin ƙasar Holan. Da masana suka gwada waɗanda ke cikin uwayensu a lokacin, bayan sun haura shekara 55, rahoton 2010 ya nuna sun kasa tsararsu a wani gwajin tattara hankali. Haka nan yaron da ya rasa isasshen abinci daga ɗaukar cikinsa zuwa shekara biyu yakan tsumbure, karatu ya yi masa wuya. Mai juna biyu da mai shayarwa da yaro ba su da wani rabo a cikin rage ci.

Tsoho ma haka. Likitoci sun daɗe da lura cewa rama ba dalili takan riga gigin tsufa bayyana da shekaru, kuma wanda ciwon ya riga ya kama yakan mance da cin abinci, ko ya kasa taunawa, ko ya ƙi karɓa. Irin wannan dattijo zama ake yi kusa da shi a tabbatar ya ci, in kuwa aka ga tufafinsa sun fara yi masa yawa sai a kai shi asibiti. Wani kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya lissafa a 2024 abubuwa 14 da ake iya gyarawa, waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon a duniya. Cikinsu akwai ƙarancin ilmi tun ƙuruciya, da raunin ji, da hauhawar jini, da ciwon sukari, da shan taba, da rashin motsa jiki, da ƙiba a tsakiyar shekaru. Rage ci irin na ɓerayen Baltimore bai shiga jerin ba tukuna.